Yadda Gwaggo Ta Zama Filasibo

Ranar da Auta ta fara jin sunan, tana riƙe da hannun mahaifinta ne, sun zo gaida yayarsa. Ya kwana biyu bai shigo layin ba, an yi gine-gine an sauya fenti har ya rikice, sai ya tambayi wani mai gyaran takalmi ina ne gidan tela mace, doguwa, mai tabarau. Mutumin ko kai bai ɗago ba ya ce, "Filasibo kake nema. Ƙofa mai shuɗin fenti, za ka ji ƙarar keke."

Auta ta ɗauka wata baƙuwa ce daga ƙetare. Da suka shiga sai ga Gwaggonta, da zare a baki da tef a wuya. Sai da ta girma, ta gama sakandare ta dawo gidan da zama, sannan ta haɗa labarin sunan daga bakin mutum uku, kowa da nasa gishirin.

Gwaggo ta fara taka keken ɗinki tun kafin ta yi aure, kuma keken nan ɗaya ne ba ta taɓa sauyawa ba. Baƙi ne, na ƙafa, yana gindin taga a ɗakin gaba. Gefensa kwandon ƙyallaye, a kansa gwangwanin maɓallai, almakashin kuwa ɗaure yake da igiya a jikin teburin saboda masu aro. Da shi ta raini ɗanta bayan rasuwar mijinta, da shi ta yi wa rabin yaran layin kayan makaranta.

Sai gwiwar dama ta fara gardama. Da safe kafin ta miƙe sai ta dafa bango. Ɗan nata, wanda ake kira Injiniya saboda gyaran firji da fanka yake yi, ya ce keken ne ke cin ƙafar, zai ɗauke shi ta huta. Ya ma yi tayin sa masa mota ya koma na lantarki. Gwaggo ta ce ta taɓa gwada irinsa, gudu yake yi ba ya jin magana, ita ba ta ɗinki da abin da ya fi ta gaggawa.

Ana cikin wannan ja-in-ja aminiyarta Mai Kanti, wadda kantinta ke kallon tagar Gwaggo, ta zo da labari. Ita ma gwiwa ke damunta, kuma ta ji cewa a babban asibiti ana neman masu ciwon gwiwa don a gwada wani maganin gargajiya, ɓawon itace da aka daka aka zuba a kafso, a ga ko da gaske yana aiki. Gwaggo ta ga mafita. Ta ce wa Injiniya ya ba ta zuwa ƙarshen binciken. In gwiwa ta yi sauƙi, keke na nan. In ba ta yi ba, ya zo da mai kura ya ɗauka. Ya yarda, don ya tabbata shi zai ci.

Likitar da ke binciken matashiya ce mai magana a hankali. Ta zaunar da Gwaggo da Mai Kanti da sauran masu ciwon a wani ɗaki mai benci biyu da sikeli, ta bayyana musu komai kafin su sa hannu. Rabin mutane za a ba su ɓawon, rabi kuma za a ba su kafso mai kama da shi sak amma ba magani a ciki, shi ake kira filasibo. Na'ura ce ke jefa ƙuri'ar wanda zai sami wanne. A jikin kwalba lamba ce kawai, ita kanta Likitar ba ta san abin da ke ciki ba sai an gama, don kada son zuciyarta ko nasu ya shiga cikin awon. Kowa kuma za a koya masa motsa gwiwa safe da yamma.

Gwaggo ta ce tun da take ba ta taɓa ganin likitan da ya ba da magani ya kuma rantse bai san mene ne ba. Amma gaskiyar yarinyar ta burge ta. A ƙarshe Likita ta ja musu kunne: kada a ba kowa daga cikin kwalbar nan. Gwaggo ta gyaɗa kai, da zuciya ɗaya.

Ba a daɗe ba gwiwa ta fara sakin jiki. Gwaggo na shan kafso kan lokaci, tana miƙe ƙafa tana lanƙwasawa kamar yadda aka nuna mata, ranar awo kuma ta taka har tashar mota, ta hau benen asibiti da ƙafarta. Ƙarar keke ta dawo layin. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha wa'azin ɓawon itace kafin a auna shi.

Mai Kanti kuwa gwiwarta na nan yadda take. Kullum tana zaune a cikin kantinta ta ɗora ƙafa a kan kwalin sabulu tana tsaki. Gwaggo na hango ta ta taga, abin na ci mata rai. A lissafinta magana a fili take: ita ta dace da na gaske, aminiyarta ta faɗa a na banza. Matar da tare suka yi goyo, wadda ko lemo Gwaggo ta ɓare sai ta aika mata da rabi, yaya za a ce ta sami lafiya a kwalba ta shanye ita kaɗai? Wata rana da hantsi ta tsallaka titi da kwalbarta a cikin gyale. Suka juye kwalaben biyu a faranti, suka cakuɗa kamar maɓallai, suka raba biyu.

Abin mamaki, Mai Kanti ma ta ce ta fara jin dama-dama.

A awo na gaba Gwaggo da kanta ta ba da labarin, tana murna, tana jiran a yaba mata. Likita ta ajiye biro a hankali, ta cire tabarau ta murza ido.

"Mama, ba na ce kada a ba kowa ba?"

"Ai ban ba kowa ba, 'yar nan. Mai Kanti na ba."

Likita ta yi ƙoƙarin haɗe fuska, dariya ta ƙwace mata. Da ta natsu ta bayyana cewa daga ranar farantin nan ba wanda zai iya cewa wace gwiwa ta sha me, don haka awon su biyun ya daina amsa tambayar da ake yi. Ta ce da wani magani ne mai ƙarfi, irin wannan kyauta na iya kwantar da mutum. Ta kuma gode mata da ta faɗa, don da ta ɓoye da ɓarnar ta fi haka. Gwaggo ta koma gida jiki a sanyaye, ba don faɗan ba, sai don ta ɓata wa yarinyar kirki aiki.

Da aka kammala binciken aka tara su duka a wani zaure. Injiniya ya raka ta, ya zauna a baya ya harɗe hannu. Likita ta faɗi sakamako ba kwana-kwana: waɗanda suka sha ɓawon sun sami sauƙi, waɗanda suka sha filasibo ma sun samu, kuma tazarar ba ta kai a ce ɓawon ne ya yi aikin ba. Sannan aka buɗe lambobi ga mai son sani. Mai Kanti, wadda ta yi ta tsaki, ita ce ke kan ɓawon tun farko. Gwaggo kuwa filasibo aka ba ta. Ta tambaya to me ke ciki. Aka ce garin sitaci.

"Sitaci dai da nake sa wa kaya kafin guga?" in ji ta. "To shi ya sa ƙafar ta miƙe."

Zauren ya ɗauki dariya, ban da Injiniya. Ya matso ya ce ke nan ba abin da ya warke, zuciya ce kawai ta raya mata, gobe zai kira mai kura. Likita ta ce ita ba za ta ce haka ba. Sauƙin da aka auna na gaske ne. Ko motsa jikin ne ya kawo shi, ko yarda da kwalbar, ko kuwa halin ciwon ne da kan tashi ya kwanta, wannan binciken ba zai iya rarrabewa ba. Amma ba ta ga dalilin raba ta da keke ba, in dai za ta riƙa hutawa a tsakani, ta kuma dawo asibiti in gwiwar ta kumbura.

Gwaggo ta juya ta dubi ɗanta ta saman tabarau. "A kan gwiwa muka yi alkawari, ba a kan ɓawo ba. Ka ga na dafa bango yau?"

Bai gani ba. Keke ya zauna a gindin tagarsa, Injiniya ma daga baya shi ya sauya masa bel. Sunan kuwa aikin Mai Kanti ne. Ta ce ita aka cuta, an karɓe mata rabin maganin gaske an ba ta sitaci, kuma har da godiya ta yi. Duk wanda ya zo sayen ashana sai ta nuna masa taga ta ce ga Filasibo can tana aiki. Kafin a buɗe makarantu har yara sun iya sunan.

Lokacin da Auta ta dawo gidan, Gwaggo ta tsufa, ɗinkin ya ragu zuwa ƙananan riguna da gyaran zif. Tana zuwa asibiti, tana motsa gwiwarta safe da yamma, amma takan ce ba kamar lokacin kwalba ba, sanin da ta yi ne ya lalata maganin. Wata rana Auta na share ƙarƙashin keke, Gwaggo ta jawo durowarsa ta fito da kwalbar nan, wayam, lambar jikinta ta kusa gogewa. Ta damƙa mata a hannu.

"Ki je wurin Likita, ki tambaye ta abin da ba ya cutarwa, ki cika mini ita. Amma ko na tambaye ki, ko na yi fushi, ko na haɗa ki da ubanki, kada ki gaya mini mene ne a ciki."