Rakiyar da Ba Mu Yi wa Iliyasu Ba

Tun shekarar hwara motar soja ba ta ƙara tsayawa garinmu, nan bayan Garhanga, ba sai ranar kasuwar da ta wuce. Sojoji biyu sunka sauko, sunka tambayi gidan Hajo, ɗiyata. Da na ga babban ya cire hula kafin ya yi sallama, na san abin da ya kawo su. Abiyon ɗin, wato jirgin sama, da jikana Iliyasu ke tuƙawa ya hwaɗi wurin aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sun ce an yi mashi sutura can birni, tare da abokan aikinai.

A waccan shekarar hwara ne Iliyasu ya hwara ganin abiyon, wanda anka turo hwesa ma hwarar magani cikin gonaki. Mu manya munka ruga ɗaka, shi kuwa ya bi shi da gudu har cikin gonaki. Da ya komo na ɗauko tsumagiya, sai ya ce, "Tsoho, mutumin da ke ciki shina ganin sanƙonka?" Dariya ta hana ni bugunai.

Haka ya girma, da tambaya a baki. Lakwal, makarantar boko, ta ɗauke shi, soja ta ɗauke shi, amma in ya zo hutu sai ya tuɓe takalma ya zauna bisa buzuna. Kafin ya ci komai sai ya leƙa rumbun uwarshi, don ya san ba ta hwaɗin gaskiya in hatsi ya yi ƙasa. Ni ko ina tsare shi da tambaya. Girgije shina da sanyi? Shanu suna ɗaga kai? Ya kan ce, "Daga sama ba a ganin iyakar gonar kowa, Tsoho. Ku kaɗai ke ganinta."

Zuwanai na ƙarshe munka yi gardama. Ya ce in ya bi ta kanmu shina ganin wani hwarin layi da ya taso daga bayan gari, ya hau dutsi, ya nuhi wajen Deule, ya ƙare ga wani baƙin wuri mai kama da bakin tukunya. Na ce layin na san shi, tsohon burtali ne da ubana ke bi da shanu. Amma baƙin wuri babu shi.

"Akwai shi, Tsoho."

"Ni da na taka ƙasar ga tun uwarka ba ta zo duniya ba?"

"Kai ka taka, ni na leƙa. In an gama girbi mu tahi da ƙahwa. In akwai, ka ba ni sandarka."

"In babu, ka ba ni abiyon."

An gama girbi. Shi bai zo ba.

Abin da ke cina shi ne ba mu raka shi ba. Garin ga, ko baƙo ya rasu, sai maza sun bi makara da ƙahwa, kowa ya sa kahwaɗa. Iliyasu bai samu taki ɗaya daga gare mu ba. Na ce to, zan biya mashi tawa rakiyar bisa burtalin nan.

Hajo ta ɓoye sandata. Ta ce ta rasa ɗa, ba ta rasa uba cikin duwatsu. Liman ya ce addu'a daga tabarma ma tana isa. Na ce na yarda, amma addu'ar ba ta gaya mani mi ne ne baƙin wurin nan. Tsohuwar rijiya ce? Duhuwar itace? Yaya yaro zai ga abu cikin ƙasata ni ban gan shi ba?

Ɗazu da la'asar Hajo ta shigo, ta aje sandar gabana, da goran ruwa biyu. Na ce biyu na mi? Ta ce, "Baba, ba ni da kabarin da zan tuna. In kun kai wurin da idonai ya tsaya, ina so in kasance."

Allah Shi jiƙan Iliyasu, Shi gahwarta mashi, Shi haskaka makwancinai da na waɗanda sunka hwaɗi tare da shi. Allah Shi ba matarshi Rabi haƙuri, Shi raya 'yar jaririyar da ya bari, Shi sanyaya zuciyar uwarshi.

Gobe, in Allah Ya kai mu, da an sallame asuba za mu kama burtali, ni gaba, Hajo baya. In mun tarar da wurin, nan za mu ɗaga hannu. Sannan in kahe sandar a bakinai in komo babu ita, don ta zama tashi.