Hafsatu biyu, kati ɗaya

Shekara tara ke nan cif da muka kai yayata Hafsatu makwancinta, amma makon jiya sai ga saƙo a wayata daga asibiti: wai Hafsatu ta zo awon hawan jini, lokacinta ya yi. Ina zaune ƙofar gida a unguwar Mabera, nan Sakkwato, na karanta. Na yi salati, na sake karantawa.

Yaya ta yi shekara ashirin da wani abu a ɗakin kati na wannan asibitin. Mace ce mai faɗa, ni kaina ban tsira ba. In ka miƙa mata suna, ba ta ko ɗaga hannu zuwa kanta sai ta tsare ka da ido: "Wace A'ishar? Ɗiyar wa? Wace unguwa?" Mutane na ƙorafin tana ɓata musu lokaci, ita ko ta ce garin da kowane gida ke da A'isha uku ba a gaggawar ɗauko kati.

Da aka haifa mini ɗiya na sa mata sunan Yaya. Bakina ba ya iya kiran sunan, sai muke ce mata Ƙarama. Tana da shekara huɗu aka yi mata allurar penisilin, nan take fuskarta ta kumbura, numfashi ya sarƙe, muka ga mutuwa da idonmu. Da Allah ya tashe ta, Yaya ta ɗauki jan biro ta rubuta a saman katinta, manya-manya: kada a kuskura a yi mata penisilin.

Yau babu wannan ɗakin katin. Komai ya koma kwamfuta, kuma ba zan yi ƙarya ba, an samu sauƙi. Babu layin nan na tun hantsi har azahar, gara ba ta cin tarihin kowa, na'ura ke tuna wa mutane ranar ganin likita. Na san da Yaya na raye da ta yi murna, don na sha ganin ta dawo gida rai a ɓace saboda katin wata tsohuwa ya ɓata.

Na tafi asibitin da saƙon a hannu. Ma'aikaciyar da ke kan kwamfutar ta duba, sannan ta juyo mini da fuskar allon. An saka wata manhaja da ke bi da kanta tana haɗe katin duk wanda aka buɗe wa sau biyu. Ta ga Hafsatu biyu. Sunan mahaifinmu ne a bayan kowacce, don gidanmu har jikoki da shi ake rubuta su. Unguwa ɗaya, gida ɗaya. Lambar waya ma ɗaya, tawa, domin matan gidanmu duk lambar maigida suke bayarwa, kamar yadda ake yi ko'ina a garin nan. Rasuwar Yaya kuwa a gida aka yi ta, ba wanda ya je ya shaida wa asibiti. Wa ke tuna haka ranar zaman makoki? Sai manhajar ta mai da su mutum ɗaya, ta riƙe bayanin babbar.

Na ce ta duba gurbin maganin da jiki ba ya ɗauka. An rubuta: babu.

"Baba, wanga gyara ba hannuna yake ba," in ji ta. "Sai an rubuta ma waɗanda suka yi manhajar."

Na ce, "Ɗiyata cikinta wata takwas, nan take awo. In aka shiga da ita tiyata fa, mi za su gani?"

Idonta ya cika da ƙwalla.

Tsoro nake ji, kuma ba na jin kunyar faɗi. An rubuta takardar, an ce ana kan aiki, yau kwana tara. Na faɗa wa likita, na faɗa wa ungozoma, na faɗa wa mijin Ƙarama har ya fara gudun kirana. To amma naƙuda ba ta zaɓen wanda ke bakin aiki. Wanda za a tarar ranar, allo zai duba, kuma allon zai gaya masa babu komai. Ina tuna sauran gidajen Sakkwato masu takwara da lambar waya ɗaya, sai hankalina ya ƙara tashi. Don Allah, mai karatu, je ka sa a buɗe maka naka katin ka gani.

Shekaranjiya na roƙi wani tsohon abokin aikin Yaya ya shiga sito inda aka jibge tsofaffin katuna. Ya fito da katin Ƙarama, gefensa ya ci, jan rubutun na nan daram. Na sa an rufe shi da leda, na ɗaura masa zare, Ƙarama na rataye da shi a wuya tana yi mini dariya. Ni ban yi dariya ba.

Yaya ba ta bar gida ko fili ba. Abin da ta bari tambaya ce da na'urar ba ta yi ba: wace Hafsatun? Allah ya jiƙanki, Yaya, ya haskaka kabarinki. Shekara tara kina ƙasa, har yau jan bironki ke gadin takwararki.