Zumar da Ta Sha Hayaƙi

Ɗakin direba a gidan da nake aiki a unguwar Al-Khalidiyya ta Madina yana jikin ƙofar shiga ne, kuma in na miƙe a kan katifa sai tafin ƙafata ya taɓa bango. Fasfona yana hannun kafil, wato mai gidan da ya kawo ni ƙasar, kuma ba ni da ikon fita sai da yardarsa. Duk sanda na yi masa zancen hutu sai ya dafa kafaɗata ya ce bayan Ramadan. Ramadan ya wuce, ya ce bayan Hajji. Hajji ya wuce, yara sun koma makaranta, wa zai kai su? Ba mugu ba ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da mugu ne da na san da wanda nake faɗa.

A cikin wannan jira babana ya aiko mini da kwalbar zuma. Shi mai amya ne, tun ina ƙarami yake rataye su a kan ɗorawa da kaɗanya a bayan garinmu. Shi ke hawa, ni ke biye da shi da damin ciyawa mai wuta, ina kaɗa hayaƙi daga nesa-nesa don ƙudan su lafa ba tare da saƙar ta ƙone ba. Wani mai Umara ɗan garinmu ne ya miƙo mini kwalbar ta tagar bas a miƙatin Bi'ir Ali, yana cikin harami, motarsu na shirin tashi. An naɗe ta da baƙar leda, an ɗaure da roba. Na ajiye ta haka ban buɗe ba, ina tattalinta. Kafin shekara ta zagayo baba ya rasu, kuma a waya aka gaya mini, ina cikin mota a bakin wani kanti. Tun daga nan ban iya kwance ledar ba. Na tura kwalbar ƙarƙashin gado na ce sai ranar da aka buga mini bizar fita zan buɗe ta.

To, amma ni mutum ne mai baki. Akwai wani zaure na waya da Hausawan Madina masu son zuma suka buɗe, inda ake musu dare da rana a kan wacce ta fi, ta magarya ko ta ɗorawa, ta dutse ko ta amya. Wanda ke zaune cikin mota yana jiran mata su gama sayayya ba ya rasa lokacin musu. Na addabe su. Kowa ya sa hoton tasa sai na ce ruwan sukari ce, in suna son ganin zuma su zo su ga ta marigayi babana. Ina nan ina cika baki sai wani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, Bahaushen Sudan, ya rubuta cewa surutu ya isa, ranar Alhamis kowa ya zo gidansa a unguwar Ƙurban da kwalbarsa, a ci abinci, harshe ya raba gardama. Ya ƙara da cewa musamman mai zumar baba. Magana zarar bunu ce. Na nemi hanyar zillewa na rasa, har na yi fatan kafil ya hana ni fita, sai ga shi ranar ya ce in tafi, in dai wayata na kunne.

Na ce a raina cokali ɗaya-ɗaya ne, su lasa in ɗauko abata.

Falon ƙarami ne, an shimfiɗa leda a ƙasa, aka tura ni lungu tsakanin bango da wani ƙaton mai gadi ɗan Maraɗi wanda muka fi kowa cacar baki da shi a waya. Akwai wani dattijo tela ɗan Cadi, mai magana ƙasa-ƙasa. Sauran ban riƙe fuskokinsu ba. Muka ci shinkafa bukhari da kaza, aka kawo tuwo da miyar kuka. Da aka kwashe kwanuka sai mai gida ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana karɓar kwalabe, ya miƙa su bayan labule wurin mai ɗakinsa. Sai da tawa ta shige sannan ya tafa hannu.

"Yalla, ya jama'a, ga nizam ɗinmu, wato dokar wasan, saboda baƙi. Uwargida za ta zuba kowace a finjali iri ɗaya, ba mai sanin tasa. A lasa, kowa ya faɗi gaskiya. Wadda ta zo ƙarshe, khalas, ba ta komawa gida. A juye ta kaf a kunun gyaɗa mu shanye, mai ita ya huta da kunya."

Aka yi dariya. Na buɗe baki zan ce a dawo mini da tawa, sai ɗan Maraɗi ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Lafiya, mai zumar baba? Ko ka fara jin tsoro ne?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Ka dai shirya shan taka."

Haka na rufe wa kaina ƙofa. Na lallashi zuciyata da cewa ai zumar babana ba za ta taɓa zuwa ƙarshe ba ko a gaban wa. Na san ta kamar yunwar cikina: jaja-jaja, mai kauri, da ƙamshin furen ɗorawa, ba ɗigon hayaƙi. Da wannan ake saninsa a kasuwar garinmu.

Tire ya fito da finjalai a jere, da gurasar tamis a yayyanke, da shayi ba sukari na wanke baki. Nan na ga masu son abu. Dattijon nan na Cadi sai ya ɗaga finjali saitin fitila, ya karkata shi ya ga yadda take gangarowa, ya shinshina, sannan ya ɗiga a harshe ya lumshe ido. Wani ya ce yana jin magarya, wani ya rantse wannan daga dutse aka ɗebo ta. Mai gida yana ta faɗin "tafaddalu, tafaddalu". Ni ba daɗi nake nema ba, tawa nake nema. Na lasa ta farko, fara ce sal, ba ita ba. Ta biyu ta yi ruwa. Da na kai kan wata ja mai kauri sai na sake lasa. Na ce ga ta. Na yabe ta har da ɗaga murya, na ce duk wanda bai ba wannan ta ɗaya ba a duba masa harshe.

Hankalina ya kwanta, bakina ya dawo. Finjali na gaba baƙa ce wuluk, kuma tun kafin ta kai baki ƙauri ya doki hancina. Na lasa na yamutsa fuska. Ga ɗacin toka, ga ɗan gutsuren kaki da ya narke a ciki. Da ma ina neman wadda zan tura ƙarshe don tawa ta tsira, sai na gyara zama.

"Jama'a, ku bar ni da wannan, sana'ar gidanmu ce. Zumar kanta ba laifi, ɗiban ne aka ɓata. Wanda ya ɗebo ta shi kaɗai ya hau bishiya. Hannu ɗaya wuta, hannu ɗaya ƙwarya, ƙuda suka taso masa, ya rasa yadda zai yi ya cusa wutar cikin amya. Ga shi nan ya babbake rabin saƙar. Aikin mutum biyu ne, ɗaya na ɗiba ɗaya na kaɗa hayaƙi. Shi wannan bawan Allah ba shi da ɗa ne da zai riƙe masa wuta?"

Falon ya kwashe da dariya. Ɗan Maraɗi har da buga cinya, yana cewa yau ya yarda na san zuma. Ba a ma tsaya ƙidaya ba, kowa ya bi bayana. Mai gida ya ɗauki finjalin ya miƙa bayan labule, muka ji ƙarar ludayi a tukunya. Ina ta murmushi, ina jin kaina a sama.

Sai ya dawo da kwalbar da aka juye, ya ɗaga ta. Baƙar leda na lilo a wuyanta, robar na nan a ɗaure.

"To, wa ke da wannan? Ya fito ya karɓi ta'aziyya."

Na dubi ƙofa, tana can nesa, bayan gwiwoyin mutane. Ko da na kai gare ta ina za ni? Ɗakin nan ne dai na jikin ƙofar shiga. Na ji muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba.

"Tawa ce."

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Ɗan Maraɗi ya janye gwiwarsa daga jikina a hankali. Mai gida ya ce la haula, ya juya da sauri wajen labule, amma kunun ya riga ya fito, yana tururi a babban kwano. Ya shiga ba ni haƙuri da Larabci da Hausa a cakuɗe, wai da ya sani, wai me ya sa ban faɗa ba. Ban ji haushinsa ba ko kaɗan. Abin da ke gabana shi ne tsoho mai ciwon gwiwa a kan reshen ɗorawa, ƙuda na harbinsa, yana lalube da hannu ɗaya don ya samu abin aiko mini. A waya cewa ya yi an samu zuma bana, alhamdu lillahi, ni kuma ban tambaye shi wa ya raka shi ba.

Aka zuba kunun a kofuna, ba wanda ya miƙa hannu. Dattijon Cadi ya ɗauki ɗaya ya sa mini a tafi, ya riƙe hannuna da nasa biyu.

"Sha, ɗana. Kai ya aiko wa." Sannan ya tambaya a hankali, "Ku nawa ne maza a wurinsa?"

Na kurɓa. Hayaƙin ya cika mini baki, ya gangara har ƙirji.

Na ce, "Ni kaɗai ne, Baba."