Mangwaron Hamsatu

Shekarun da aka sami 'yancin kai muna zaune a unguwar Gamkalle. In sanyi ya shigo, da an sallame magariba sai Kaka ta hura wuta a tsakar gida, ta tura dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Labarin da muke roƙo kullum shi ne na shato, rumbun ruwan nan mai dogayen ƙafafu da ke shayar da gari.

"Ga ta nan tafe da tulu a ka," in ji Kaka. Mu ce ta sauke mu sha.

Wai lokacin da Nasara ke gina shaton, cikin matan da ke ɗauko wa magina ruwa daga gulbi akwai wata Tsahara, 'yar Tawa. A garinsu sai igiya ta kusa ƙarewa guga ke taɓa ruwa. Da aka gama gini ta ga bututu na ɗiga, ruwa na bin ƙasa a banza, abin ya tsaya mata a rai. Ta binne ƙwallon mangwaro a wurin. Yana tsirowa gardin shaton, wani dogon Bazabarme, ya tumɓuke, ya ce an hana. Ta sake, ya sake, har ya rantse karo na gaba gaban kumandan zai kai ta.

A nan Kaka kan tsaya juya dankali, mu kuwa duk mun ƙagu.

Ana nan matar gardi ta haihu. Tsahara ta je suna da ƙwaryar fura, ta ji an raɗa wa jaririya Hamsatu. Ba a jima ba gardi ya tarar da ita tsugune gaban sabon tsiro.

Kaka kan miƙe wuya ta yi muryar Tsahara: "Baban Hamsatu, takwarar 'yarka ce, ran suna na binne ta. In za ka cire, bismilla."

Gardi ya duƙa, ya miƙa hannu, ya janye, dariya ta ƙwace masa. Washegari da kansa ya kewaye tsiron da ƙaya saboda awaki. Daga nan duk matar da ta haihu a unguwar sai ta kawo nata dashen. Haka gindin shato ya zama lambun kowa, inda muke langa ran Lahadi, tsofaffi na dara a inuwa.

Ina yarinya, wayon Tsahara kawai nake gani. Sai da na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, na gane ba kayar da gardi ta yi ba, rabo ta ba shi cikin abin. Wata damina wani uba ya zo cire 'yarsa don aikin gona. Ban yi gardama da shi ba. Na ba shi kujera, na sa yarinyar ta rubuta sunansa a allo, ta karanta masa. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa ake tashi.