Sunan da Na Kankare

Ko zan manta komai na zamanmu a Onitsha, ranar da na kankare sunan 'yata daga jikin takarda ba za ta fita daga raina ba. Yarinyar yanzu tana da 'ya'ya biyu, amma har yau in na ga jan biro sai gabana ya faɗi.

A lokacin ina sayar da wake da gero a kasuwar Ochanja. 'Yata ta fari ta rubuta jarrabawar gama sakandare sau biyu, duka biyun Turanci ne ya kayar da ita. Babanta ya ce na uku shi ne na ƙarshe. Ni kuwa firamare kaɗai na yi, ga yawan damuwa. In na kulle rumfa sai na dawo sau uku na ja kwaɗon kafin in yarda ya kama.

Muka sa ta lesin wurin wani tsohon malami a unguwarmu, suna zuwa tare da 'yar maƙwabciyata. Salonsa ɗaya ne. Yaro zai ɗauki labari daga littafin tambayoyin jarrabawa, ya sake rubuta shi kaf, kowace kalma ya nemo mata wata mai ma'ana iri ɗaya. Sunan mutum da sunan wuri kuwa ba a taɓa su.

"Hajiya, ke ma ga naki aikin," in ji shi. "Duk inda kika ga suna, ki zagaye shi da jan biro kafin ta fara. Kalma tana da madadi, suna ba shi da shi."

Wannan na iya, tunda babban baƙi kawai nake nema a tsakiyar layi. Na sayo mata wani tsohon littafi a wurin masu gwanjon littattafai, ba bango, takardunsa duk sun yi ja. Kullum in ciniki ya lafa sai in zauna ina zagaye sunaye, ina jin ni ma da hannuna a karatun.

Wata rana bayan la'asar, ruwan sama ya kori masu saye, muna zaune a rumfa ni da ita. Na buɗe sabon shafi, sai na ga sunanta. Kusa da shi sunan babanta. Layi biyu a ƙasa, ga Ochanja. Na duba shekarar da aka buga littafin, na ga ya girme ta.

"Zo ki fassara min wannan," na ce.

Ta karanta, tana mayar min da Hausa. Labarin wata yarinya ce da ta hau okada, wato acaɓa, da safe a ƙofar kasuwa, motar doya ta goge su, ƙafarta ta hagu ta karye, jarrabawa ta wuce ta. Ruwa na ta dukan kwanon rumfa.

Ita dariya ta yi. "Mama, abeg, masu sunana cike suke da gari. Labari ne fa kawai."

Da ta tafi alwala, na ɗauko rezar da nake yanka igiyar buhu da ita. Wuri huɗu sunan ya fito, na kankare duka huɗun a hankali don kada takardar ta huje. Sai gurbin ya tsaya fari yana kallona. Na rubuta sunan 'yar maƙwabciyata. Shekaru ina gaya wa kaina cewa shi ne ya fara zuwa hannuna, don kullum da safe ina jin ana kiransa ta katanga, kuma baƙaƙensa sun yi daidai da gurbin. Gaskiya ne. Amma na ɗan tsaya kafin in rubuta, wannan ma gaskiya ne.

Ta dawo ta gani. "Mama, mene ne haka?"

"Rubuta yadda kika gani."

Ta rubuta. Ta canza kowace kalma kamar yadda aka koya mata, ta bar sunan daram. Washegari malamin ya biyo ta rumfa da littafin, ya ɗaga shafin sama haske ya ratsa shi.

"Hajiya, ai na ce ba a taɓa suna."

Na ce tawada ce ta zuba. Ya dube ni, ya ajiye littafin a kan buhu, ya tafi.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, ina auna wa wata mata wake, sai na ji hayaniya daga wajen ƙofar kasuwa. Aka ce wata 'yar Hausawa ce ta faɗo daga okada. Kafin a faɗi sunanta na san 'yar maƙwabciyata ce. Na tambayi wace ƙafa, tun ba a amsa ba na zauna a ƙasa. Ba motar doya ba ce, ta siminti ce. Na riƙe wannan bambancin kwana da kwanaki ina lallashin kaina da shi, bai yi min amfani ba.

Abinci ya ƙi shiga. 'Yata ta daina kallon idona. A kwana na biyar na ɗauki littafin na shiga gidan maƙwabciyata, na same ta tana wanke kayan da ta dawo da su daga asibiti. Na durƙusa na ce, "Yaya, na zo da magana mai nauyi." Na gaya mata komai, na nuna mata shafin.

Ta goge hannu a zaninta, ta duba. "Ke dai ƙanwata, damuwarki za ta kashe ki. Reza da biro ne za su karya ƙafa? Abin da Allah ya rubuta ne ya same ta, ba abin da kika rubuta ba."

Na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Har na fara godiya, sai ta ce, "Abu ɗaya dai zan tambaye ki. Lokacin da kike rubutawa, ke kin yarda zai faru?"

Na rufe littafin.

"To," in ji ta, ta mayar da hannu cikin ruwan wanki.

'Yata ta ci jarrabawar a shekarar. 'Yar maƙwabciyata sai da shekara ta zagayo ta rubuta, ita ma ta ci, amma har yau tana ɗan ɗingishi. Uwarta ta yafe min, ba ta sake ta da maganar ba, muna gaisawa muna cin abincin juna. Littafin yana cikin akwatina. In aka ɗaga shafin a rana, ana ganin inuwar sunan 'yata a ƙarƙashin wanda na rubuta.

Ban san yadda sunayen nan suka shiga tsohon littafi ba, na kuma daina nema. Abin da na koya shi ne, takarda ba ta ƙaddara wa kowa komai, amma ta nuna min abin da ke cikin zuciyata. Tun daga ranar, in tsoro ya kama ni a kan wani daga cikin 'ya'yana, ina roƙon Allah ya kare shi, ya kare na kowa, ba na nema wa masifa wani gidan.