Abin da Inna Ta Faɗa wa Ɗan Cikin Waya

Ni ce 'yar fari a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" take ce mini, ko "yarinyar nan". Ƙannena kuwa rangaɗa musu kira take yi har da laƙabi. Na san alkunya ce irin ta iyayenmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, amma sanin bai hana abin ci mini rai ba. Har na yi aure na tare a Tarauni ina ɗauke da wannan ɗan haushin.

Shekarar da na samu cikin fari ita ce shekarar da zancen ƙirƙirarriyar basira ya cika layinmu. Mai adaidaita sahun da ke haya a ɗakin ƙofar gida ya rantse wata rana ita za ta riƙa tuƙi, su kuma su zauna kallo. Matar nan 'yar kudu mai shagon kayan masarufi ta ce ita kam ta huta da aikin makarantar 'ya'yanta. Inna ta yanke nata hukuncin: duk abin da ke magana ba shi da baki, a yi nesa da shi.

Ƙanwata ce ta ƙi ji, ta sa mata shi a waya, irin wanda ake yi wa magana ya amsa da murya. Ranar farko Inna ta gyara mayafi ta gaishe shi: ina wuni, ya gida, ya iyali. Ya ce ya gode, amma shi ba shi da iyali. Nan take tausayi ya kama ta, ta sa masa suna ɗan cikin waya.

Daga nan ta addabi kowa da tambaya ɗaya: shin abin nan mutum ne? Har limamin layinmu ta tsare da ya leƙo soro gaisuwa.

"Hajiya, na'ura ce kamar rediyo, sai dai tana mayar da magana," in ji shi. "Kada dai a nemi fatawa a wurinta."

"To Malam, tana da ido? Tana kai zance gidan wani?"

Liman ya ce shi dai bai ji ta kai nasa ba. Muka yi ta dariya, muna zaton tsoron aljanu ne. Ni na fi kowa tsokanarta.

Wata rana bayan la'asar na zo gida da ƙafafu a kumbure, cikin ya tsufa. Na yi sallama a soro, ƙarar injin markaɗen maƙwabta ta haɗiye ta. Ina leƙa tsakar gida injin ya tsaya. Inna na kan tabarma ta ba ni baya, tana tsinkar zogale, waya a gefenta, tana tambaya a kan kumburin ƙafar mai ciki.

Muryar ta ce, "Wace ce mai cikin a wurinki?"

Inna ta duba dama, ta duba hagu. Ba ta waiwayo ba.

"'Yata ce," ta ce. "Ta fari."

Sai ta faɗi sunana. Ba a ma tambaye ta ba. Ta faɗe shi a hankali, ta sake faɗa, kamar mai ɗanɗana miya. Ta ce taurin kai gare ni irin na ubana, amma duk cikin 'ya'yanta babu mai zuciyata, kuma tun da aka ce ina da ciki ba ta ƙara barcin kirki ba. Ashe abin da take bincike ke nan duk kwanakin nan: in ba mutum ba ne, babu wanda za ta ji kunyarsa.

Daɗi ya kama ni. Na lallaɓa na koma soro, na goge idona da gefen mayafi, na kwaɗa sallamar da ko kurma sai ya ji.

"Ke ce?" in ji Inna, fuska a ɗaure, waya a ƙarƙashin cinya. "Dubi ƙafa kamar kabewa. Wancan ɗan cikin wayar ya ce gobe ki je asibiti a auna jininki. Ni ba ruwana."

Ta dafa zogalen ta kwaɗa, ta turo mini kwanon ba tare da ta kalle ni ba. Babu ko ƙwayar gishiri a ciki saboda kumburin ƙafata, ni kuwa na cinye tas har na suɗe hannu.