Maganin da Ba a Gama Gwadawa Ba

Abubuwa da yawa sun faru da ni a shekarun da na yi ina sayar da magani, kuma yawancinsu sun wuce na manta. Amma abin da na yi wa yayana da hannuna ba zai taɓa fita daga raina ba. Sai yanzu nake iya ba da labarin.

Ina da ɗan kantin magani a zangon Yendi, irin wanda aka yarda mu sayar da na ciwon kai, na zazzaɓi, na tsutsar ciki da makamantansu. Ni ba likita ba ce, amma matan unguwa "dokta" suke ce mini, kuma na saba da sunan har na fara yarda da shi. Yayana direban babbar mota ne. Yakan ɗauki albasa daga Bawku ya kai kudu, idan doya ta fito kuma ya koma lodi a Salaga, inda matarsa da 'ya'yansa uku suke zaune.

Ya fara shaye-shaye ne da ƙwayar hana barci, don ya yi doguwar tafiya bai tsaya ba. Daga baya ya koma wani abu mai ƙarfi da ake zuƙa. Cikin shekara biyu ya rame, haƙoransa suka fara lalacewa, ya zama mai yawan surutu da saurin fushi. Idan abin ya sake shi kuma sai ya kwanta kwana biyu, ko gaisuwa ba ya amsawa.

Wata rana da hantsi ya tsaya a kantina. Ya zauna a benci, ƙafarsa ɗaya tana ta rawa, ya ƙi shan kokon da na aika aka sayo masa.

"Auta," ya ce, kamar yadda yake kirana, "ke da kike cikin magani, babu wanda zai cire mini son abin nan? Na gaji."

"Bari in duba, Yaya," na ce.

Na duba a waya. Turancina bai kai na likitoci ba, amma na fahimci abin da aka rubuta. Masu bincike suna neman maganin da zai rage wa mutum sha'awar irin waɗannan ƙwayoyi masu sa kuzari, kuma har lokacin ba a sami wanda aka amince da shi ba. Suna dai gwada wasu magunguna da aka yi don wasu cututtuka daban. Ɗaya daga ciki na ciwon damuwa ne, an ce ya ɗan taimaki wasu, wasu kuma bai yi musu komai ba. Duk wannan na karanta shi da idona. Sunan maganin kawai na kwafa a takarda, na bar sauran.

Ba irin maganin da kantina ke da izinin ajiyewa ba ne, kuma ba a bayar da shi sai da takardar likita. Na san wani mai kawo kaya da ba ya yawan tambaya, bayan mako biyu ya kawo mini. Na kira yayana na ce masa, "An gano magani." Haka na faɗa. Ban ce ana gwadawa ba, domin na san idan na ce haka ba zai sha ba. Na kuma ce ya riƙa shan biyu safe, biyu yamma, saboda a ganina jikin da ya saba da ƙwaya mai ƙarfi ba zai ji ƙaramin awo ba. Ba wanda ya koya mini wannan, ni na yanke.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne yadda zai ɗauki maganar. Shi a wurinsa, tunda akwai magani, aikin ya tashi daga wuyansa. Ya ci gaba da zuƙar abinsa yana haɗawa da nawa, yana jiran ranar da sha'awar za ta mutu da kanta.

Kwana tara bayan haka matarsa ta kira ni. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce in taho Salaga, an kai shi asibiti. A kasuwar doya abin ya faru, da safe. An gama lodi, ya hau sama yana duba igiya, sai jikinsa ya sandare, ya faɗo ƙasa yana jijjiga, kumfa a baki. Kafaɗarsa ta karye, ya ciji harshensa. Mata biyu masu doyar sun riga sun zauna a kujerar gaba ta motar suna jiransa. Da abin ya jinkirta da rabin awa, da a kan hanya zai same shi, hannunsa a kan sitiyari.

A asibitin an tambayi abin da yake sha. Matarsa ta faɗi abin da ta sani. Ni ina tsaye a gefen gado, ragowar maganin da ban kai ga ba shi ba yana cikin jakata, ban fito da shi ba. 'Yan uwa suka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne daga abokan aiki. Na bar su suna ta faɗa.

Da aka sallame shi, mahaifiyarmu ta ce a kawo mata shi Bawku ya yi jinya. Can akwai wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya mai duba masu ciwon ƙwaƙwalwa da masu shaye-shaye, ƙawar mahaifiyarmu ce tun suna 'yan mata. Ni na raka shi wurinta. Bayan ta gama da shi ta ce ya jira a waje, ta dube ni.

"Bai taɓa farfaɗiya ba ko yana yaro. Me ya shiga jikinsa sabo?"

Na ciro kwalin na ajiye a teburinta. Ta karanta, ta tambayi nawa yake sha, na faɗa mata. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wannan shi kaɗai yana iya jawo jijjiga idan ya yi yawa, balle an haɗa shi da abin da yake zuƙa. Ina kika samo shi?"

"Na karanta cewa masu bincike suna ba mutane, Anti."

"Suna ba su, gaskiya ne. Amma sai sun auna mutum, sun tambayi tarihinsa, sun faɗa masa cewa gwaji ne, ya ce ya yarda. Kullum suna dubansa, idan abu ya tashi su tsayar. Ke wanne kika yi a ciki?"

Babu ko ɗaya. Na tambaye ta ko to babu magani ke nan.

"Wanda za ki ba shi ya haɗiye ya warke, babu tukuna. Ana nema, kuma ina fatan a samu kafin in mutu. Abin da muke da shi yanzu shi ne zama da mutum, mako bayan mako, a raba shi da wurin da yake samu, a yaba masa duk makon da ya tsallake. Ba shi da daɗin ji, amma yana yi wa wasu aiki. Je ki faɗa masa gaskiya, ba ni zan faɗa ba."

Na same shi a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, hannunsa a ɗaure da wuya. Na zauna na faɗa masa komai: cewa maganin nawa ne ya kayar da shi, cewa ba a gano komai ba, cewa ni na ƙara awon.

"Da kin ce gwaji ne, da ban sha ba," ya ce.

"Na sani, Yaya."

"Ni ma ban bar abin ba ko na rana ɗaya. Na ce ai maganin Auta zai yi." Ya gyara hannunsa. "Kada ki gaya wa Mama. Ta riga ta ɗora wa iska, bar ta a haka."

Bai sake tayar da maganar ba har yau. Kafaɗar ba ta koma daidai ba, ba ya iya juya babban sitiyari, don haka ya bar doguwar hanya. Wata shida ya yi a Bawku yana zuwa wurin dattijuwar duk Talata. Sau biyu ya koma wa abin, sau biyu ya dawo da ƙafarsa. Yanzu yana Salaga yana awon doya a kasuwa, ya yi ƙiba, yana barci kamar kowa. Ba zan ce ya warke ba, shi ma ba ya cewa haka.

Ina nan da kantina. Har yanzu uwaye mata kan zo su raɗa mini cewa ɗansu ya shiga ƙwaya, ko akwai abin da za a zuba masa a abinci. Nakan ce babu, in kwatanta musu inda za su je. Wasu sukan fita da fushi su nufi wani kantin.

Abin da na koya shi ne, tsakanin "ana gwadawa" da "an gano" akwai tazara mai faɗi, kuma ƙaunar da kake yi wa mutum ba ta ba ka izinin tsallake ta a madadinsa. Wanda ke neman taimako yana da haƙƙin ya ji gaskiya, ko da gaskiyar ita ce ba mu sani ba tukuna.